Cibiyar da Muka Tono a Bayan Ɗakin Hajiya

A wajen wanki na fara ganin abin. Wandon Malam maigidana ne na ciki, fari, da ɗan tabo ja-ja, ga wani abu mai yauƙi kamar majina a manne. Na wanke na shanya. Da na sake gani sau uku a mako guda, sai na tare shi bayan ya ci abincin rana.

"Malam, jini kake gani in ka kama ruwa?"

Ya daɗe yana goge hannu da tsumma. Gyaran keken ɗinki yake yi a wani ɗan shago a Koki, kuma baƙin mai ba ya barin farcensa ko da me ya wanke.

"Tsargiya ce," ya ce. "Wa ya tashi a cikin birni bai yi wanka a kududdufi ba?"

Ya sha maganin tsargiya har kashi biyu. Jinin ya ɗauke ya dawo, majinar kuwa ba ta taɓa ɗaukewa ba. Abin da ya kai shi asibiti ba ciwo ba ne, tsarki ne. Mutum ne da ba ya sakin sahun farko, sai ga shi yana canja wando kafin kowace salla, wani lokacin liman ya kai ruku'u shi yana bayi. Da ya rasa jam'in Asuba kwana biyu a jere, shi da kansa ya ce in nemo masa katinsa.

Aka yi hoto, aka zura masa wata ƙaramar kyamara, aka ce ƙari ne a rufin mafitsara, can samanta. Suka ɗan tsinko kaɗan suka duba. Likitan tiyata ya zaunar da mu ya ce abin da suka gani ya ɗaure musu kai, domin naman bai yi kama da na mafitsara ba. Irin mai yin majina ne, kamar na cikin hanji. Ya ce ɗan abin da suka tsinko bai isa a yanke hukunci ba, sai an cire gaba ɗaya an duba. Kuma za su haɗa da cibiya.

"Cibiya kuma?" in ji Malam. "Me ta yi muku?"

Likita ya zana a bayan takarda. Ya ce tun mutum yana cikin mahaifiyarsa akwai wata 'yar hanya da ta tashi daga mafitsara zuwa cibiya. Kafin a haihu takan toshe ta zama kamar igiya. Ya ce suna zargin a nan abin ya tsiro, shi ya sa za su ɗauke rufin mafitsarar da igiyar da cibiyar a haɗe.

Malam ya shafa cikinsa ya ce, "To, ai Annabi Adamu ma ba shi da ita." Na ce ya yi istigfari. Ya yi, yana dariya.

A gidan gado muke zaune a Sheshe, mu da yaranmu da Hajiya mahaifiyarsa. Malam ɗan farinta ne, saboda haka tun da na shigo gidan ban taɓa jin ta kama sunansa ba. "Maigidanki" take cewa, ko "wancan". In ya shigo gaishe ta, bango take kallo ta amsa. Da muka gaya mata za a yi aiki, cewa ta yi kawai, "Allah Ya sa kaffara ce," ta ci gaba da gyaran zogalenta. Maganar cibiyar ban faɗa mata ba. Shekara da shekaru ta yi tana ungozoma a unguwar nan kafin ƙafa ta hana ta, kuma na ga kamar zalunci ne in dubi uwa in ce za a yanke wa ɗanta cibiya. Na ce a raina rashin sanin ya fi mata sauƙi. Wannan tausayin nawa shi ya kusa kashe mu.

Ranar Juma'a da safe aka shiga da shi. Ba a fito ba sai da aka sauko daga masallaci. Ina zaune a benci da carbi, na ja har na daina sanin abin da nake faɗa, sai wata nas ta leƙo ta ce ina matar mai aikin mafitsara. Ta ce an gama lafiya. Sannan ta miƙo min wata robar kastad mai murfi, an zagaye bakinta da filasta, an rubuta lamba a jiki, da takarda a linke.

"Wannan shi ne abin da aka cire. Ki kai ɗakin gwajin nama, can bayan ɗakin jini. Kada ki buɗe."

Na ɗauka da hannu biyu. Ta fi yadda na zata nauyi, kuma ina tafe ina jin abu yana dukan jikin robar a cikin ruwa. Na tarar da tagar a rufe. Wani mai shara ya ce sun tashi, sai Litinin. Na koma wajen nas ɗin, ta ce su ba su da wurin ajiya, in tafi da shi gida, ruwan da ke ciki magani ne, ba zai bari ya lalace ba.

Ƙanin Malam ne zai kwana da shi tunda ɗakin maza ne. Na shiga Adaidaita da robar a ƙarƙashin hijabi, na rungume ta a cinya. Wata mata a gefena ta ce, "Baiwar Allah, kunun mara lafiya ne ya rage?" Na ce eh. Allah Ya yafe min.

A gida, ƙarƙashin gado na fara tura robar. Da na shimfiɗa darduma zan yi Magariba sai na tsaya. Jini ne a ciki da nama, a ɗakin da nake salla, kusa da inda zan sa goshina. Ban san hukuncinsa ba, kuma wa zan tambaya? Na yi sallar a tsakar gida. Da gari ya waye na ga autata tana rarrafe tana leƙen ƙarƙashin gadon, ai kuwa na fizge ta har ta yi kuka. Na ɗauki robar na kai ɗakin ajiya, na sa a bayan buhun gero, na kifa kwando a kai. Ban gaya wa kowa ba.

Asabar da Lahadi a asibiti na wuni. Malam yana kwance da robar fitsari, fitsarin ja kamar zoɓo, amma yana magana. Ya ce in ɗaga rigar in ga ko cikin nasa ya yi kyau ba cibiya, na ce ba ruwana. Ya tambaye ni abin da aka cire, na ce yana nan a adane.

Litinin da sassafe na shirya, na sa takardar a jaka, na shiga ɗakin ajiya. Kwandon yana nan a jingine. Bayan buhu babu komai. Na jawo buhun, na duba bayan tulu, na duba inda na san ban ajiye ba. Da na fito tsakar gida sai na ga robar. Tana kife a kan kwandon wanke-wanke, tsakanin tukunyar miya da kofunan yara, an wanke ta tas, ruwa ya bushe a jikinta. Filastar mai lamba tana nan a manne.

Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba.

Hajiya tana bakin ƙofarta a kan tabarma tana shan koko. Na ja jiki na je na durƙusa.

"Hajiya, kun tashi lafiya?"

"Lafiya lau. Ya mai jiki?"

"Da sauƙi. Hajiya, robar can..."

"Na suturta shi," ta ce, ba ta dube ni ba. "Jiya da hantsi. Kanwa na shiga nema, wari ya ishe ni, har idona yana ruwa. Na buɗe." Ta ajiye ludayin. "'Yar nan, ke da iliminki, naman ɗan Adam ne za ki ajiye a bayan gero kamar daddawa? Kwana nawa?"

"Asibiti zan mayar."

"Su yi me da shi? Sun yanke, sun gama. Abin da ya fita daga jikin Musulmi ƙasa ake ba wa." Sannan ta ce a hankali, "Kuma ba ki ce min har da cibiya ba. Na san ta. Tana da ɗan tudu ta gefen dama."

Duk abin da ta faɗa haka aka koya min ni ma. Na tashi na ɗauki jakata na fita. A hanya ina ta saƙa ƙarya. In ce ta faɗi a Adaidaita? In ce an sace? Na kuma raya a raina cewa wataƙila gwajin nan cika takarda ne kawai, tunda an riga an cire ciwon.

Ban bi ta ɗakin su Malam ba. Na je tagar nan na miƙa takarda. Mutumin da ke ciki ya miƙo hannu yana jiran roba, na ce babu. Ya ce ina take, na ce an binne. Ya dube ni ta saman tabarau, ya tashi ya shiga ciki. Can ya dawo ya ce likita tana kira.

Mace ce, ba ta girme ni sosai ba, da farin gilashi da ɗankwali a ɗaure tamau. Ɗakinta babu gadon duba mara lafiya, sai madubin likita a kan tebur da faranti-faranti cike da ƙananan gilasai masu ɗigon ruwan hoda da shuɗi. Na faɗa mata gaskiya duka, ina kuka. Ba ta yi faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi min sauƙi.

Ta jawo takardar ta karanta. Ta ce, "Maman yara, bari in gaya miki abin da ke cikin robar nan. Irin wannan ƙari mai majina ba kasafai ake samunsa a mafitsara ba. In an same shi, ɗayan uku ne. Ko daga fatar cikin mafitsarar ya tashi, ko daga ragowar hanyar cibiya, ko kuma asalinsa a hanji yake, reshe kawai ya miƙo. A ido duk ɗaya suke. Amma na farko yakan sa a cire mafitsara gaba ɗaya. Na uku kuwa yana nufin uwar ciwon tana nan a cikinsa, ba a taɓa ta ba."

Na ce, "Ba za a gane a jini ba? Ko a hoto?"

"Hoto yana nuna inda abu yake. Asalinsa sai nama." Ta ce sukan yanka shi ƙanana, su zuba a kaki irin na kyandir ya daskare, su fere shi siriri fiye da bawon albasa, su rina, sannan ta duba. Ta ce akwai abu na biyu, gefe-gefen da wuƙa ta bi. In ciwon ya kai bakin yanka, to an bar saura a jikinsa, kuma dole a san ta wane gefe.

"In babu naman fa?"

"Sai a yi ta lalube. Ko a sake buɗe shi a cire abin da wataƙila lafiyarsa ƙalau, ko a bar shi da abin da zai cinye shi."

Na riƙe bakin tebur.

Ta tambaye ni kwana nawa ya yi a ruwan kafin a fitar. Na ƙirga, Juma'a da rana zuwa Lahadi da hantsi. Ta ce wannan ne kaɗai abin da ya yi mana daɗi, domin ruwan ya riga ya kama shi, ba zai ruɓe da wuri ba. Ta sa aka ba ni wata roba da sabon ruwa. Ta ce in je in tono yanzu, kada in wanke, kada in goge. "Kuma ki kula da zare. Likitan tiyata ya rubuta ya ɗaura biyu, dogo da gajere. Su ne za su nuna min hagu da baya."

Tun da aka kawo ni gidan nan ban taɓa musa wa Hajiya magana ba. Na same ta ta idar da Walaha tana lazimi. Na ajiye robar a gefe, na durƙusa, na jira ta shafa.

"Hajiya, likita ta ce a tono."

"A tono me?"

"Abin da kuka binne."

Ta dube ni sosai, abin da ba ta cika yi ba. "Kin taɓa ganin an tono abin da aka yi wa sutura? Gidan nan ba a taɓa ba. Mutum yana kwance a asibiti ki ce a buɗe rami da sunansa? Kul."

"Hajiya, mai shi yana raye. Ba gawa ba ce."

"Shi ya sa."

Na yi mata bayanin kakin da rinin, ina ji ina kwaɓawa. Ta ce su likitoci ba su da aiki sai wasa da naman mutane. Ta ce ita ta karɓi haihuwar rabin unguwar nan, ba ta taɓa barin mabiyiya ta kwana a waje ba. Ta jawo carbinta, alamar an gama magana.

Na ji azahar tana matsowa, na tuna tagar nan da sa'ar da take rufewa. Sai na faɗi abin da ban shirya ba.

"In ba a tono ba, za su sake yanka shi. Za su cire masa mafitsara duka, ya ƙare rayuwarsa da jaka a ciki, fitsari yana zuba ba ya sani. Mutumin da wando ɗaya ya hana shi barci saboda salla. Ko kuma su bar shi, ciwon yana hanjinsa ba wanda ya sani. Hajiya, ɗanku ne. Ku kuka haife shi."

Ba a faɗa wa uwa haka a kan ɗan fari. Na sunkuyar da kai ina jiran abin da zai biyo baya. Carbin ya tsaya a hannunta.

"Me za su gani a ciki da ba su gani ba sa'ad da suka buɗe shi?"

"Inda ciwon ya samo asali."

Kaza ta zo ta tsattsagi bakin tabarmar, Hajiya ba ta kore ta ba. Sannan ta ce, "Ɗauko min 'yar fartanyar nan. Ki rufe ƙofar zaure."

Bayan ɗakinta akwai wani ɗan siririn fili da ta hana a yi wa siminti lokacin da aka gyara tsakar gida. Na daɗe ina ɗauka don kajinta ne. Ranar na sani. Mabiyiyar Malam tana nan, da ta ƙannensa, da ta 'ya'yana. Ta nuna wani wuri kusa da indararo inda ƙasa ta fi duhu. Na miƙa hannu zan karɓi fartanyar ta hana. Ta durƙusa da gwiwoyin nan nata da ko ruku'u ba sa yi, ta yi bismilla, ta fara. Tana tono tana karanta wani abu a ƙasa-ƙasa. Ni ina tsaye da roba. Abin da nake tsoro shi ne tururuwa. Na ga layinsu a gindin bango.

Da ta kai zurfin kamu ɗaya ta ajiye fartanyar ta sa hannu. Kasko ne, an kifa masa wani kaskon, yadda ake yi wa mabiyiya. Ta ɗaga na saman. Farin ƙyalle ne a naɗe, ƙasa ba ta taɓa shi ba, babu tururuwa ko ɗaya. Ta warware. Na ga abin, launin toka, ya yi tauri kamar dafaffiyar ganda, dogo, da cibiyar Malam a ƙarshensa da 'yan gasu a gefe. Na kau da kai, na sake dubawa saboda dole.

Babu zare.

"Hajiya, ina zaren?"

"Na kwance. Ana sa mutum a ƙasa da ƙulli? Ko likkafani sai an kwance." Ta ga fuskata. "Shi ma da magana?"

Na faɗa mata amfaninsa. Ta ce ta jefa su a murhu. Na zauna a kan ƙasar da aka tono na sa kuka, irin wanda ba ya fita da sauti. Ita ta ɗauki naman da hannunta ta sa a robar, ta danna murfi. Ta dafa bango ta miƙe.

"Share fuskarki. Ɗauko min mayafina da sandata."

Rabon Hajiya da fita tun rasuwar ƙanwarta. Ko dubiyar Malam ba ta je ba, don kara. Muka tako lungu a hankali har bakin titi, mutane suna gaishe ta suna mamaki. A Adaidaita ita ta riƙe robar.

Likita ta sa safar hannu ta fito da shi a kan wani faranti. Ta juya shi, ta ce ya fi yadda ta zata. Da ta ji labarin zaren ta yi ajiyar zuciya. Hajiya ta matso da sandarta.

"'Yata, ba ni tsinke."

Aka ba ta wani ɗan ƙarfe. Ta sa aka juya cibiyar ta kalli sama. "Dogon yana nan. Baƙi ne, ƙulli uku, na sha wuya kafin ya kwance. Gajeren a nan ƙasa, ƙulli biyu. Wanda ya ɗaura bahago ne."

Likita ta dube ta. Ta jawo wani gilashi mai ƙara girma ta sunkuya a kan wuraren biyu. Ta ce ga hujin allura, a nan da nan, daidai inda aka nuna. Ta ce, "Hajiya, ya aka yi kuka riƙe?"

"Shekara nawa ina ɗaure cibiya? In na kwance ƙulli ba na manta shi."

"Likitan kuwa bahago ne," in ji mutumin taga, daga bayanmu.

Likita ta ɗauko wasu 'yan kwalabe ta shafa wa gefen hagu launi ɗaya, na baya wani. Amma ta nuna min wani wuri a hagun, inda ya kwanta a kan kasko. Ya bushe ya yi duhu. Ta ce wannan sai abin da ta gani.

Mako uku muka jira. An sallami Malam a cikin na biyu. Ni na gaya masa abin da ya faru, ina tsammanin zai yi fushi. Sai ya ce, "Har asibiti ta zo? Ta wuce ƙofar ɗakinmu?" Na ce ta wuce, ba ta leƙa ba. Ya juya fuska bango. A makonnin nan ko an yi sallama a zaure sai gabana ya faɗi. Na ƙona tuwo sau biyu. Ina salla ina ganin wurin nan mai duhu.

Ranar sakamako Hajiya ta ce za ta bi mu. Likitar nama da kanta ta yi mana bayani. Ta ce ta sami ragowar 'yar hanyar nan a jikin ƙarin, kuma fatar cikin mafitsarar da ke kewaye lafiyarta ƙalau, rinin ma ya goyi bayan haka. Daga hanyar cibiya ya taso. Za a leƙa hanjin da kyamara don a tabbatar, amma ba ta zaton za a sami komai. An leƙa daga baya, ba a samu ba. Mafitsararsa za a bar masa. Gefe-gefen duk sun fita tsaf, ban da wannan na hagu. Ta ce ba ta ga ciwo a wurin ba, amma naman ya bushe yadda ba za ta iya rantsuwa a kansa ba. Saboda haka duk wata uku sai an zura kyamara an duba.

Hajiya ba ta ji sauran ba, ina jin. Ta ce, "Ta cibiya kika ce?"

"Eh, Hajiya."

"Daga wajena ke nan. Ko wajen yankan aka kuskure? Uwata ce ta yanke."

"Ba daga wajenku ba ne, ba kuma yanka ba ne. Kowa da ita ake haihuwarsa, ni da ku duka. Ta wani takan bar ɗan saura a ciki, ya yi shekara hamsin yana barci. Ba wanda ya san abin da ke tashinsa."

Hajiya ta gyaɗa kai, amma na san ba ta karɓa duka ba. Ta tambaya ko za a ba ta naman in an gama. Likita ta ce za a ba ta, ban da 'yan guntayen da ke cikin kaki, su dole a ajiye ko za a sake buƙata. Hajiya ta ce, "To, ki ajiye su wuri mai tsarki."

Da aka ba mu ragowar, sai da ta tambaye ni sau biyu ko likita ta ce ta gama. Muka mayar da shi ramin nan, ni da ita, a kasko guda.

Malam ya koma shagonsa da sahunsa. Ni har yau ban daina duba wandonsa a hasken rana kafin in tsoma a ruwa ba. In watan dubawa ya kama, abinci ba ya shiga min sai an fito an ce ba komai. Ban taɓa cewa Hajiya ita ta jawo ba, ita ma ba ta taɓa cewa ni na ɓoye mata ba. Amma duk ranar da za mu tafi, takan kira ni bakin ƙofarta, shi yana tsaye a zaure yana jira, ta ce, "Ki ce wa likitan maigidanki ya duba hagu sosai."